Zanen da ke bango da rajistar gidan yari: abun da shari'ar Epstein ta bari a baya

A cikin gidan Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka tuhuma da safarar ƙananan ƴan mata don lalata, wanda yake lamba 9 a titin East 71st a unguwar Manhattan ta birnin Niyok, akwai wani zane da wani baƙo da ya shiga gidan ya ba wa jaridar New York Times labarinsa a 2019. Zanen harabar gidan yari ne, ga wayar ƙarfe mai ƙaya, ga gandirobobi, ga ɗakin gadi, sannan a tsakiya ga Epstein da kansa. Baƙon yace mai gidan ya faɗa masa shi yasa aka zana, wai don ya riƙa tuna cewa zai iya komawa can. Watanni kaɗan bayan wannan ziyarar, ranar 6 ga Yuli 2019, aka kama shi a filin jirgin Teterboro yana saukowa daga Faris, kuma ranar 10 ga Agusta aka tsinci gawarsa a ɗakinsa na gidan yarin tarayya da ake kira Metropolitan Correctional Center, a cikin birnin Niyok ɗin dai.

Tun daga lokacin duk sanda aka saki sabbin hotuna na gidajen mutumin nan sai intanet ta ɗauka, kowa ya zama mai fassara, wannan zanen yana nufin kaza, wancan gunkin alama ce ta ƙungiyar asiri. Ni kuma abun da yake ci min rai shine yanda muke ɓata awanni akan bango, alhali takardun da suka fi komai muhimmanci a wannan shari'a suna nan a ajiye ba mai son karanta su saboda basu da daɗi: rasit na ciniki, takardun banki, da kuma rajistar da gandiroba yake sa hannu a kai duk bayan minti talatin. Bari in bi su ɗaya ɗaya don a ga me kowanne zai iya tabbatarwa da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

A fara da gidan. Gini ne mai hawa da yawa, ɗaya daga cikin manyan gidajen zama a Manhattan, da can na Leslie Wexner ne, attajirin nan da kamfaninsa ya taɓa mallakar Victoria's Secret, wanda Epstein ya shafe shekaru yana kula masa da dukiya. Waɗanda suka shiga sun bada labarin abubuwa masu tada hankali: jerin idanun roba an saka su a firam a zauren shiga, ƴar tsana mai girman mace tana reto daga sama, dabbobin da aka cusa wa auduga, da hotuna barkatai na mai gidan tare da shugabanni, malaman jami'a da taurari. Sai kuma zanen da ya fi kowanne yawo a duniya, wanda aka zana tsohon shugaban Amurka Bill Clinton yana zaune sanye da shuɗiyar rigar mata da jan takalmi mai tsini.

To wannan zanen na Clinton shine misali mafi kyau na abun da nake nufi. Wata ɗaliba ce ƴar Ostareliya ta zana shi a 2012 lokacin tana karatu a makarantar zane ta New York Academy of Art, zambo ne na siyasa irin wanda ɗalibai suke yi, Clinton bai zauna mata ba, bai ma san ana yi ba, aka saida shi a wani taron tara wa makarantar kuɗi akan dala dubu ɗaya da ɗan wani abu, kuma ita da kanta tace bata san wa ya saya ba sai da labari ya fashe a 2019. Kenan zanen baya tabbatar da komai game da Clinton. Idan mutum yana son yayi magana akan alaƙar Clinton da Epstein to ga rajistar fasinjojin jirgin Epstein nan, sunansa yana ciki a tafiye-tafiye na farkon shekarun 2000, wannan takarda ce da za a iya ɗauka a yi tambaya a kanta, shi kuma ya sha cewa bai san laifukan mutumin ba. Abun da zanen yake nunawa halin wanda ya rataye shi ne, mutum mai son duk wanda ya shigo gidansa ya gane cewa manya ma abun wasansa ne.

Kuma wannan ba ƙaramin abu bane, kar a ce na raina shi. Ka ɗauki yarinya ƴar shekara sha huɗu ko sha biyar, daga gidan da ake fama da kuɗin haya, an ce mata zata yi wa wani mutum tausa a bata dala ɗari biyu ko uku, ta shiga gida irin wannan ta ga hotonsa da shugaban ƙasa, da yarima, da malaman Harvard. Kafin ya buɗe baki bangon ya riga ya gaya mata cewa in ta kai ƙara ba wanda zai saurare ta. Da yawa daga cikin matan da suka fito daga baya sun faɗi haka, cewa tsoron girman mutanensa ne ya rufe musu baki shekara da shekaru. Kayan adon gidan suna cikin kayan aikin laifin ta wannan fuskar, amma fa hujja ce akan yanda yake farauta, bata isa ta kama ko mutum ɗaya daga waɗanda hotunansu suke jikin bango ba.

Inda duniyar zane ta shiga maganar da gaske shine labarin Maria Farmer. Ita ma a New York Academy of Art tayi karatu, makarantar da Epstein ya taɓa zama cikin hukumar gudanarwarta, kuma a wajen baje kolin kammala karatunta a 1995 ta haɗu da shi da abokiyar harkarsa Ghislaine Maxwell, ya sayi zanenta, daga baya ya ɗauke ta aiki. A 1996 ta kai ƙara wajen ƴan sanda da FBI. Shekaru kusan talatin tana cewa ta kai ƙara mutane suna tantama, sai a Disamba 2025 da ma'aikatar shari'a ta fara sakin takardu aka ga takardar ƙorafin nata na Satumba 1996 a ciki. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina yayi sanyi, saboda binciken ƴan sandan Palm Beach a jihar Florida, wanda ya kai ga hukuncinsa na farko, bai fara ba sai 2005, wato shekara tara takarda tana kwance a fayil, kuma Allah kaɗai ya san yara nawa suka shiga gidajen nan a tsakanin. Baje kolin ɗalibai wuri ne da matashi mara kuɗi yake tsaye gefen aikinsa yana addu'ar mai kuɗi ya tsaya ya duba, kuma mafarauci ya san haka sarai.

Sai ɓangaren kuɗi, wanda a ganina shine ya kamata masu bincike su fi zama a kai. Leon Black, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin zuba jari na Apollo, yana cikin manyan masu tara zane a duniya, shine aka ruwaito ya sayi ɗaya daga cikin shahararrun zanen Edvard Munch a gwanjon Sotheby's a 2012 akan kusan dala miliyan 120, kuma ya taɓa zama shugaban hukumar gidan adana zane na MoMA. A Janairu 2021 wani bincike da kamfanin lauyoyi na Dechert yayi ya nuna Black ya biya Epstein dala miliyan 158 tsakanin 2012 da 2017, wato bayan an riga an yanke wa Epstein hukunci a Florida, don shawarwari akan haraji da tsarin gado da harkokin da suka haɗa da tarin zanensa. Rahoton yace bai ga shaidar Black yana da hannu a laifukan Epstein ba, shi ma ya musanta, amma a Maris 2021 ya sauka daga shugabancin Apollo kuma yace ba zai sake neman kujerar MoMA ba.

Me yasa zane yake yawan fitowa a irin wannan harka? Saboda kaya ne da farashinsa ba ya da ma'auni tsayayye. Gida ana iya kwatanta shi da na maƙwabta, hannun jari farashinsa yana allo kowa na gani, amma zane abun da mai saye da mai sayarwa suka yarda a kai shine kuɗinsa, kuma ana iya sayensa da sunan kamfanin da ba a san mai shi ba, a ajiye shi a ma'ajiyar da babu haraji irin ta Geneva, a jinginar da shi a karɓi bashin banki, duk ba tare da ya motsa daga inda yake ba. A Amurka dokar da ta tilasta wa bankuna su san abokin hulɗarsu kuma su kai rahoton cinikin da suke zargi bata hau kan dillalan zane ba, gyaran dokar da ya zama doka a farkon Janairu 2021 masu saida kayan tarihi kawai ya kama. A Yuli 2020 wani kwamitin majalisar dattawa ya nuna yanda wasu attajiran Rasha, iyalan Rotenberg, suka yi cinikin zane na sama da dala miliyan 18 a watannin da suka biyo bayan an ƙaƙaba musu takunkumi. Don haka mai bincike na ƙwarai idan ya shiga gida irin wannan, juya zanen zai yi ya duba bayansa, tambarin gidan gwanjo, lambar kaya, sannan ya nemi wa ya biya, daga wane asusu, wa yayi inshora. Kuma a shari'ar Epstein inda aka bi sawun kuɗi nan ne aka ga sakamako na zahiri, a 2023 bankin JPMorgan ya amince ya biya matan da aka zalunta dala miliyan 290, Deutsche Bank kuma miliyan 75.

Ko a ranar da FBI suka fasa gidan Manhattan a Yuli 2019, abun da ya taimaka wajen hana shi beli a cikin akwatin ƙarfe aka samo shi: tsabar kuɗi, lu'ulu'u guda 48, tsohon fasfo na ƙasar Ostiriya mai hotonsa da wani suna daban da adireshin Saudiyya, ga kuma ɗaruruwan hotunan ƴan mata tsirara da aka samu a gidan. Alƙali Richard Berman ya hana belin ranar 18 ga Yuli.

Yanzu mu zo gidan yari, kuma mutane suna mantawa cewa sau biyu ya shiga.

Na farko a Florida ne. A Yuni 2008 ya amsa laifi akan tuhuma biyu na jiha, bayan wata yarjejeniya da ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya Alexander Acosta wadda aka ƙulla ba tare da an sanar da ƴan matan ba, aka yanke masa wata 18, yayi kusan 13. To amma wane irin zama? Takardun ofishin shariff na Palm Beach da ƴan jarida suka tono daga baya sun nuna an ajiye shi a wani ɓangare na daban, an bada umarnin a bar ƙofar ɗakinsa a buɗe, sannan aka bashi izinin fita aiki har awa 12 a rana, kwana shida a sati, direbansa ya ɗauke shi ya kai shi ofishin wata gidauniya da shi ya kafa ta. Jami'an da suke gadinsa a can shi yake biyan kuɗin aikinsu, kuma a cikin rahotanninsu akwai inda suke kiransa da kalmar da ake kiran abokin ciniki, ba fursuna ba. Littafin da ake rubuta sunayen masu ziyartarsa a ofishin kuwa, an lalata shi, aka ce ƙa'idar ajiyar takardu ce ta bada dama. Wannan littafin da yana nan da ya amsa tambayoyin da hotunan bango dubu ba zasu amsa ba, wa yake zuwa, yaushe, shekarunsa nawa. Sai da Julie K. Brown ta jaridar Miami Herald ta sake tono maganar a Nuwamba 2018 sannan gwamnati ta motsa, Acosta kuma ya ajiye muƙamin ministan ƙwadago a Yuli 2019.

Na biyu shine na Niyok, kuma anan nake so in ɗan tsaya saboda mutane da yawa suna jin "an yi ƙaryar rajista" basu san me ake nufi ba. A ɓangaren da aka ajiye shi, wanda ake keɓe fursunoni na musamman, doka ce gandiroba ya zaga duk bayan minti talatin ya leƙa kowane ɗaki ya tabbatar wanda ke ciki yana raye, ya rubuta lokaci ya sa hannu. Ban da wannan akwai ƙidaya da ake yi a lokuta tsayayyu, da tsakar dare, ƙarfe 3 da ƙarfe 5 na asuba suna ciki, a cike takarda a aika ofishin kula. Aiki ne mai gundura, amma shine kaɗai shaidar da hukuma take da ita cewa ran da aka damƙa mata amana yana hannunta lafiya.

Ranar 23 ga Yuli an same shi a ƙasa da alamu a wuyansa, aka sa shi ƙarƙashin sa ido na masu yunƙurin kashe kansu, bayan ɗan lokaci aka cire shi, likitocin ƙwaƙwalwa na gidan suka ce lallai a haɗa shi da abokin ɗaki. Ranar 8 ga Agusta ya sa hannu akan wasiyyarsa, dukiyar da aka ƙiyasta sama da dala miliyan 570. Ranar 9 aka ɗauke abokin ɗakin nasa ba a kawo wani ba. Da yamma aka bar shi yayi waya ta layin da ba a naɗa, wanda ya saɓa ƙa'ida. Daga wajen ƙarfe 10:40 na dare har kusan 6:30 na safe ba wanda ya zaga, gandirobobi biyu da suke aiki suna zaune a teburinsu ƴan taku kaɗan daga ƙofarsa, takardar tuhuma tace suna duba intanet, ɗaya kayan ɗaki ɗaya babura, kuma akwai kusan awa biyu da ga dukkan alamu barci suke, amma rajista a cike take tsaf, kowane rabin awa an rubuta an zaga. Ɗaya daga cikinsu ma asalin aikinsa a lokacin ba gadin fursuna bane, ƙarin lokaci yake yi saboda ƙarancin ma'aikata. Ga na'urar naɗar hotunan kyamara ta samu matsala tun ƙarshen Yuli, yawancin kyamarorin ɓangaren basa naɗa komai, wadda take aiki kuma bata kallon ƙofar ɗakinsa kai tsaye.

Babbar likitar binciken gawa ta birnin a lokacin, Barbara Sampson, tace shi ya kashe kansa. Michael Baden, likitan da ɗan'uwan Epstein ya ɗauko, yace karayar da ya gani a wuya tafi kama da ta wanda aka shaƙe. A Yuni 2023 sifeto janar na ma'aikatar shari'a Michael Horowitz ya fitar da dogon rahoto, ya lissafo sakaci da rashin ɗa'a iri iri, yace bai ga abun da ya saɓa wa matsayar FBI ba cewa babu hannun wani. Gandirobobin biyu an tuhume su da ƙaryar takardu a Nuwamba 2019, a 2021 aka yi yarjejeniya suka amsa cewa sun yi, aka ce suyi aikin al'umma na awa 100, basu kwana ko ɗaya a gidan yari ba. Gidan yarin kansa an rufe shi a 2021 saboda lalacewa.

Ni ra'ayina, in aka tara abun da yake a rubuce, bayanin sakaci yafi ƙarfi. Gidan yari ne da ma'aikata basu isa ba, ana tilasta musu aikin dare akan na rana, cike rajistar ƙarya kuma ba a daren nan aka fara shi ba a gidajen yarin tarayya. Amma bana ganin laifin wanda yaƙi yarda, domin hukumar da take cewa a yarda da ita ita ce da hannunta ta lalata duk abun da zai sa a yarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma da zarar an kama rajista ɗaya da ƙarya to duk takardar da ta fito daga ginin nan ta zama abar zargi. An sake ganin haka a Yuli 2025 da ma'aikatar shari'a da FBI suka fitar da sanarwa cewa babu wani jerin sunayen abokan hulɗa, suka saki bidiyon kyamarar gidan yarin na daren da ya mutu, na kusan awa 11, don rufe maganar, sai gashi minti ɗaya ya ɓace daf da sha biyun dare. Ministar shari'a ta lokacin Pam Bondi tace na'urar ce take sake tashi kowane dare, mujallar Wired ta duba bayanan fayil ɗin ta ga an bi da shi ta manhajar gyaran bidiyo, sannan a Satumba kwamitin majalisar wakilai ya saki wani kwafin da mintin yake ciki, kuma ba wani abun a zo a gani a cikinsa. Minti ɗaya da babu komai a ciki ya ci wata biyu ana rigima a kansa, duk don an ƙi yin bayani tun farko.

A Nuwamba 2025 majalisa ta zartar da dokar da ta tilasta sakin fayil ɗin Epstein, Donald Trump ya sa hannu, aka fara zubo takardu da hotuna, ƴan Democrat na kwamitin majalisar wakilai ma a Disamba suka saki na tsibirinsa Little Saint James inda aka ga wani ɗaki da kujerar likitan haƙori da fuskokin roba a jikin bango. Nan take hoton ya zaga duniya, kowa da fassararsa. Takardar ƙorafin Maria Farmer kuwa bata samu ko kusa da wannan kallon ba.

Kuma wanda aka fi cuta a daren 9 ga Agusta sune matan da suka shirya tsayawa a kotu. Da an zaga kamar yanda rajista tace an yi, da akwai yiwuwar a yi shari'a, a kira shaidu, lauyoyi suyi tambayoyi akan rantsuwa, sunaye su fito ta hanyar da doka ta sani maimakon ta hotunan firam. Alƙali Berman ya basu dama ranar 27 ga Agusta 2019 suka zo kotu suka yi magana kafin a rufe ƙarar, ɗaya bayan ɗaya suna tashi suna faɗin abun da aka musu, kujerar wanda ake tuhuma babu kowa a kanta. Ghislaine Maxwell an same ta da laifi a Disamba 2021 aka yanke mata shekara 20 a Yuni 2022, gidan Manhattan an saida shi a 2021 akan kusan dala miliyan 51, kuɗin ya taimaka wajen cika asusun diyya da ya biya sama da dala miliyan 120 ga mata fiye da ɗari. Littafin baƙin da aka lalata a Florida da awa takwas ɗin da ba wanda ya leƙa ɗakin a Niyok, su kam babu dokar da majalisa zata yi ta dawo da su.